Waiwaye: Tun Yaushe Kasuwannin Intanet Suka Sami Kariya a Cinikin Hotunan Tsiraici?

Muhawarar da ake tafkawa a Amurka kan alhakin da ya rataya a wuyan kasuwannin intanet game da hotunan tsiraicin fitattun mata, waɗanda ake tallatawa ba da yardarsu ba, galibi ana jingina ta da ƙirƙirarriyar basira, tamkar jiya-jiya matsalar ta kunno kai. Babu shakka fasahar ta sauƙaƙa ɓarnar, amma tambayar da ake gardama a kanta, wato ko wanda ya kafa kasuwa yana da hannu a abin da ake sayarwa cikinta, kotuna sun daɗe da amsa ta.

Abubuwan da kowa ke tunawa ba su da yawa. A watan Agustan 2014 an yi kutse cikin ma'ajiyar hotunan wasu 'yan fim na Amurka, aka watsa su. A ƙarshen 2017 bidiyoyin da ake ɗora fuskar mace a jikin wata suka bayyana, kuma wani bincike na 2019 ya gano cewa kashi 96 cikin 100 na irin waɗannan bidiyoyi na batsa ne. A Janairun 2024 hotunan jabu na mawaƙiya Taylor Swift suka karaɗe duniya, har maganar ta kai majalisar dokoki.

Shari'ar da ta share fagen wannan duka ba ta shafi tsiraici ba ko kaɗan. A 2002 wata kotun ɗaukaka ƙara ta jihar Kaliforniya ta yanke hukunci a ƙarar wasu mutane da suka sayi kayan tarihi na 'yan wasa a wani dandalin gwanjo na intanet, daga baya suka gano cewa sa hannun taurarin da ke jikin kayan na jabu ne. Dokar jihar ta wajabta wa mai sayar da irin wannan kaya ya ba da takardar shaidar inganci, don haka masu ƙara suka ce dandalin ma mai sayarwa ne. Kotu ta ƙi amincewa. Ta ce dandalin wuri kawai ya bayar, bayanin kaya kuwa masu rumfa ne suka rubuta, sannan ta dogara da sashe na 230 na dokar sadarwa ta 1996, wanda ya hana a ɗauki mai shafi a matsayin mawallafin abin da wani ya ɗora. Har makin yabo da ake bai wa 'yan kasuwa, kotun ta ce daga bakin wasu masu saye aka tattaro shi.

A lokacin hukuncin yana da hujjarsa, domin an rubuta sashen ne don kare zaurukan hira daga ƙararrakin ɓata suna. Sai dai da aka shimfiɗa shi a kan ciniki, ya haifar da wani abu da al'adar kasuwa ba ta saba da shi ba: dillali yana karɓar la'ada a kan kowace ciniki, amma idan kayan suka zama na sata, ba a tambayarsa inda ya samo su. Sashen ya bar wasu 'yan kafofi, ciki har da ta haƙƙin mallakar fasaha, to amma a 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke kula da yammacin ƙasar ta fassara wannan da dokokin tarayya kaɗai, alhali haƙƙin mutum a kan fuskarsa da sunansa dokokin jihohi ne ke kare shi. Sai a 2021 wata kotun shiyya ta saɓa mata, a ƙarar wata mai gabatar da labarai a talabijin a Filadelfiya. Sakamakon haka, wanda ya ɗauki hoto yana iya sa a sauke shi cikin hanzari ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 1998, ita kuwa wadda ke cikin hoton a wancan lokacin ba ta da irin wannan hanya.

A wannan fili manhajojin ƙera hoto suka sauka a 2022, kuma ba a jima ba 'yan jarida suka fara cin karo da hotunan tsiraici na jabu ana sayarwa a manyan kasuwannin intanet, a gefen kayan ado da na sana'ar hannu.

Dokar Take It Down, wadda aka sanya wa hannu a watan Mayun 2025, ta mai da wallafa irin waɗannan hotuna laifi a matakin tarayya, na gaske ne ko na jabu, ta kuma bai wa dandalolin da ta shafa sa'o'i 48 su sauke hoto da zarar an kai ƙorafi. Ci gaba ne, sai dai sa'o'in ba sa fara ƙirguwa sai wadda aka zalunta ta nemo hoton da kanta, ta nuna inda yake, ta kuma rubuta takardar neman a cire shi.