Yaya ake gwada direban da ke sarrafa gudun furosesa a Linux?

Mene ne aikin wannan direba?

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ya gudu da sauri ɗaya kullum. Aiki ya yi yawa ya ƙara gudu, aiki ya lafa ya sassauta, don rage zafi da cin batir. A cikin kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, sashen CPUFreq ne ke kula da wannan. Akwai mai yanke shawarar gudun, kamar schedutil ko ondemand, sai kuma direba, wato ƙaramar manhajar da ke kai umarnin ga furosesa: acpi-cpufreq, intel_pstate, ko amd-pstate da ya shigo a Linux 5.17 a 2022.

Da me ake fara gwaji?

Da tabbatar da wane direba ne ke aiki. Sunansa na cikin fayil ɗin scaling_driver. Idan amd-pstate ne, daga nan sai ƙaramin gwajin amd-pstate-ut, wanda ke duba ko na'urar tana da CPPC (hanyar da Linux ke faɗa wa furosesa matakin ƙarfin da ake so) kuma an kunna shi, da ko matakan ƙarfin da furosesa ya bayar sun jeru daidai, daga mafi ƙasa zuwa mafi girma. Idan firmware, wato manhajar da ke zuwa a cikin na'urar tun daga masana'anta, ta ba da lambobi a birkice, a nan asirinta ke tonuwa.

Idan ya ci wannan, shi ke nan?

Ina! Wannan ya nuna direban ya tashi ne kawai. Sai an ɗora masa kaya, irin gwaje-gwajen aiki mai nauyi na tbench ko gitsource, a maimaita sau da yawa, a kwatanta shi da acpi-cpufreq a kan na'ura guda.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe: su ga babbar lamba a scaling_cur_freq, fayil ɗin da ke nuna gudun furosesa na yanzu, su yi murna. Wani lokaci lambar nan abin da aka nema ne, ba abin da furosesa ya yi ba. Shi ya sa ake amfani da turbostat, manhaja mai karanta ma'aunin APERF da MPERF, masu nuna ainihin gudun, daga cikin furosesan kansa. A ganina ma'aunin da ya fi muhimmanci shi ne yawan aikin da aka samu a kowane wat na wuta. Direban da ya ƙara ɗan sauri amma ya zuƙe batir bai yi wa mai laftof adalci ba.

Me ke ɓata sakamako?

Zafi. Na'urar da ta ɗau zafi takan rage gudu da kanta, a ɗora wa direba laifi. A bari ta huce tsakanin gwaji, a rufe sauran manhajoji, kuma kada a gwada ɗaya da caji ɗaya da batir.