Emily Kame Kngwarreye

Emily Kame Kngwarreye (wajejen 1910 zuwa Satumba 1996) mai zane ce daga al'ummar Anmatyerr, ɗaya daga cikin al'ummomin 'yan asalin ƙasar Ostiraliya da ake kira Aborijin. Ba ta fara zane da fenti a kan yadi ba sai da ta kusa shekara 80, amma cikin shekara 8 kacal an ƙiyasta ta yi zane kusan 3,000. Kusan dukansu a kan abu ɗaya suke, wato Alhalker, ƙasar kakanninta. A rubutun baya-bayan nan ana rubuta sunanta Emily Kam Kngwarray, bisa ƙa'idar rubutun harshenta.

Asali da tasowa

An haife ta a Alhalker, a yankin da ake kira Utopia, kimanin kilomita 250 arewa maso gabashin garin Alice Springs, a Yankin Arewa na Ostiraliya. Ba a rubuta haihuwarta ba. Yawancin majiyoyi suna cewa 1910, wasu kuma suna matsar da ita zuwa wajejen 1914. A shekarun 1920 Turawa masu kiwon shanu suka mamaye yankin suka raba shi gandu-gandu, su ne ma suka raɗa masa suna Utopia. Masu ƙasar suka koma 'yan ƙodago a ƙasarsu. Ita ma ta yi aiki a gandayen kiwon, har da koran raƙuma, aikin da ba kasafai ake ba mata ba a lokacin. Ta yi aure sau biyu, ba ta haihu ba, sai dai ta riƙe 'ya'yan 'yan'uwa, cikinsu har da Barbara Weir, wadda hukuma ta ɗauke daga hannun danginta tun tana ƙarama, kuma ita ma ta zama mai zane daga baya.

Ƙasa da bukukuwan mata

A wurin Anmatyerr ƙasa amana ce da ake gada, kuma kowane yanki yana da waƙoƙinsa da labaran kakanninsa da alamominsa, waɗanda ba kowa ke da iznin rerawa ko zanawa ba. Kngwarreye ta gaji Alhalker ta wajen mahaifinta, ta kuma zama ɗaya daga cikin dattawan mata masu riƙe da awely, bukukuwan da mata ke yi don kula da ƙasa da lafiyar jama'a. A wurin awely mata kan shafe ƙirji da kafaɗu da damatsa da mai, sannan a ja layuka da jar ƙasa da farar ƙasa, ana zanen ana waƙa, daga nan a shiga rawa. Mace ba ta zana wa kanta, 'yar'uwarta ce ke zana mata. Nan hannunta ya goge, shekaru masu yawa kafin ta taɓa burushi.

Abubuwa biyu na Alhalker sun fi yawa a aikinta. Na farko anwerlarr, wani tsiro mai yaɗo, ɗan dangin wake, wanda ke yin siririyar saiwa mai kama da doya a ƙarƙashin ƙasa. Idan ganyensa ya bushe, mata kan nemi 'yan tsage-tsagen da saiwar ta yi a busasshiyar ƙasa, su tona da sanda. 'Ya'yan wannan tsiro ake kira kam, kuma daga nan sunanta ya fito. Na biyu tsuntsun emu, mai kama da jimina. Da aka tambaye ta me take zanawa, sai ta ce duka ne gaba ɗaya, ta lissafo doyar da ƙadangare da irin ciyawa da karen daji da emu.

Rinin batik da aikin gayya

A 1977 aka kawo wa matan Utopia sana'ar batik ta hanyar wani shirin ilimin manya. Dabara ce ta rini da ta yi fice a Indunisiya: a narka kaki, a zana shi a kan yadi, a tsoma a ruwan rini, inda kakin ya rufe launi ba zai kama ba, sannan a tafasa yadin a cire kakin. Jenny Green da Julia Murray suna cikin waɗanda suka tsaya wa shirin, kuma a 1978 aka kafa ƙungiyar matan Utopia masu batik, Kngwarreye na cikin waɗanda suka assasa ta.

A fili suke aikin, ba a ɗaki ba. Ana hura wuta a ɗora tukunyar kaki, mata su zauna a ƙasa kowacce da silikinta a cinya, yara na kai-komo, a shanya yadin a kan rassan bishiya. Wadda ta san alama tana nuna wa wadda ba ta sani ba, kuma idan zanen ya shafi ƙasar wata, da sanin mai ƙasar ake yi. Waɗanda suka yi aiki da ita sun lura cewa hannunta ya fi na sauran sauri da sakewa, ba ta damu da kakin da ya ɗiga ba bisa tsari ba. Fiye da shekara 10 ta yi tana wannan aiki, kuma duk wanda ya tsallake shekarun nan ba zai gane inda ɗige-ɗige da layukan zanenta na baya suka samo asali ba.

Shekarun batik sun zo daidai da fafutukar karɓo ƙasa. A 1976 majalisar Ostiraliya ta zartar da dokar haƙƙin ƙasa ta 'yan asalin Yankin Arewa, sai Anmatyerr da maƙwabtansu Alyawarr suka nemi a mayar musu da Utopia. Mata sun gabatar da awely a matsayin shaidar cewa ƙasar tasu ce kuma ba su daina kula da ita ba. Yawancin majiyoyi suna sanya nasarar a 1979, kodayake rahoton alƙali John Toohey ya fito ne a 1980. Dawowar ƙasar ta ba iyalai damar barin gindin gidan gandu su koma ƙananan matsugunai kusa da wuraren kakanninsu.

A 1988 Rodney Gooch na CAAMA, ƙungiyar yaɗa labarai ta Aborijin da ke Alice Springs, ya shirya wani babban aiki na batik 88, wanda gidan tara kayan zane na Robert Holmes à Court ya saye gaba ɗaya. A ƙarshen shekarar ya raba wa mata kusan 80 yadin zane da fenti. Zanen da Kngwarreye ta yi a wannan karo, Emu Woman, shi ne na farko da ta yi da fenti, kuma shi ya ja hankalin masu saye.

Shekarun fenti

A 1990 aka yi baje kolin aikinta ita kaɗai karo na farko a birnin Sidni. Da yawa daga cikin manyan zanenta ta yi su ne a Delmore Downs, gandun Donald da Janet Holt da ke maƙwabtaka da Utopia. A ƙasa take shimfiɗa yadin, sau da yawa an riga an shafe shi da baƙin fenti, ta zauna a gefe ko a kansa, ta miƙa hannu iya inda zai kai, ta matsa ta ci gaba. Ba ta yin zanen gwaji. Sau da yawa tana zane tana rera waƙar abin da take zanawa, dangi na zaune kewaye da ita.

Salonta ya yi ta sauyawa. Da farko ƙananan ɗige-ɗige ne a kan layukan saiwa da sawun emu, har su kusa rufe su. Wajejen 1992 ta koma babban burushi, tana danna shi a kan yadi ya bar manyan tambura masu launi kala-kala. Daga wannan zamani ne Alhalker Suite na 1993, mai allo 22, wanda ke gidan zane na ƙasa a Kanbera, da Earth's Creation na 1994. Sai layuka miƙaƙƙu irin na zanen jiki. A 1995 ta yi Big Yam Dreaming, farin layi mai sarƙewa a kan baƙi, tsawonsa kusan mita 8, faɗinsa kusan mita 3, kuma an ce cikin kwana biyu ta gama shi. Yana gidan zane na jihar Biktoriya a Melbon. Makonni kaɗan kafin rasuwarta ta yi ƙananan zane 24 da faffaɗan burushi.

A 1992 gwamnati ta ba ta kyautar tallafin masu fasaha a zamanin firayim minista Paul Keating. Kuɗin da take samu tana rabawa dangi, kamar yadda al'adarsu ta tanada, ita kuwa ta ci gaba da zama a karkara. Ta rasu a Alice Springs a farkon Satumba 1996.

Muhawara

Wasu masu sharhi sun kwatanta ta da Monet na Faransa da Pollock na Amurka, shahararrun masu zane. Wasu na ganin kwatancen ya raba zanen da ƙasar da yake magana a kanta, tunda ita ba ta san waɗannan mutane ba, kuma kowane layi a wurinta yana da abin da yake nufi. An kuma yi ce-ce-ku-ce kan matsin da dillalai suka yi mata a ƙarshen rayuwarta, da kan jabun zane da ake jingina mata.

Bayan rasuwarta

A 1997 aka nuna aikinta a rumfar Ostiraliya a bikin zane na Benis, a Italiya, tare da na wasu masu fasaha mata biyu 'yan Aborijin, Yvonne Koolmatrie da Judy Watson. An yi babban baje koli a Birisben a 1998, sai Osaka da Tokiyo a 2008. A 2007 aka sayar da Earth's Creation a gwanjo kan sama da dalar Ostiraliya miliyan 1, a 2017 kuma kan miliyan 2.1. Kamfanin jiragen sama na Ostiraliya, Qantas, ya sa wa wani jirginsa sunanta a 2018. Baje kolin da aka buɗe a Kanbera a ƙarshen 2023, wanda Kelli Cole da Hetti Perkins suka shirya tare da shawarar matan Utopia, ya haɗa batik ɗinta da zanen fenti wuri ɗaya, kuma a 2025 gidan zane na Tate Modern da ke Landan ya yi nasa.