Lalacewar Muhalli da Raguwar Amfanin Gona a Ƙasar Gana

Lalacewar muhalli a fagen noma ita ce raguwar ƙarfin ƙasa da ruwa da itatuwa wajen ciyar da shuka, ta yadda gona za ta riƙa ba da abin da bai kai na da ba ko da manomi ya yi mata aikin da ya saba, ko kuma sai ya ƙara taki da magani da kuɗin ƙwadago kafin ya sami daidai abin da mahaifinsa ke samu. A Gana matsalar ta shafi dajin kudu, inda ake noman koko da rogo da agada da makani, ta kuma shafi filayen arewa, inda ake noman gero da dawa da gyaɗa da doya. Birnin Kumasi yana cikin yankin dajin, a kan hanyar fataucin da ta haɗa sassan biyu, shi ya sa alamunta suke saurin bayyana a kasuwanninsa, musamman ga mazauna zango irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zango, waɗanda yawancinsu fataucin abinci da dako da aikin lambu ne sana'arsu, kuma da yawa suna da dangi masu noma a arewa ko masu aikin ƙwadago a gonakin koko.

Yanayin ƙasar noma

Wanda ya ga duhun dajin Asante, yankin da Kumasi take, zai ɗauka ƙasarsa ba ta gajiya, amma binciken masana ya nuna akasin haka. Albarkar wannan ƙasa tana cikin ɓawonta na sama, wanda kaurinsa bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, inda ganyen da ke zubowa yake ruɓewa ya zama abincin shuka. Abin da ke ƙarƙashinsa jar ƙasa ce mai tsami, wani wurin kuma tsakuwa da marmara, wadda ruwan sama ya daɗe yana wanke gishirinta. Yankin Kumasi yana samun damina biyu a shekara, babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma muddin akwai itatuwa da ciyawa, wannan ruwa alheri ne. Da zarar an tone ƙasa an bar ta a fili, ruwan ne zai kwashe ɓawon ya zuba shi a rafi, rana kuma ta ƙone abin da ya rage. Cibiyar binciken ƙasa da ke Kwadaso a Kumasi ta daɗe tana nazarin irin waɗannan ƙasashe. Abin lura shi ne takin zamani yana maye gurbin wasu sinadarai kawai, ba ya mayar wa ƙasa laushinta da ikon riƙe laima, kuma a ƙasa mai tsami wani kaso na takin yakan daskare ta yadda saiwa ba za ta iya sha ba.

A da manoma suna magance wannan ta hanyar barin saura: a noma wuri shekara biyu ko uku, a bar shi ya koma daji shekaru masu yawa kafin a dawo. Yawan jama'a da tsadar fili sun gajarta wannan hutu, a wurare da dama ma sun kawar da shi gaba ɗaya.

Sare daji da noman koko

Tarihin koko a Gana tarihin bin sabon daji ne. Bayan wani ɗan Gana mai suna Tetteh Quarshie ya kawo irinsa daga tsibirin Fernando Po a 1879, noman ya bunƙasa a Akwapim da Akyem, daga nan ya shiga Asante da Ahafo, ya ƙare a dazuzzukan yamma kusa da iyakar Kodibuwa. Dalilin wannan ƙaura shi ne koko ya fi yin kyau a ƙasar da aka sare yanzu, yana cin gadon takin da daji ya tara, kuma sake dasa tsohuwar gona ya fi sare sabuwa wahala da tsada. Ƙiyasin da aka fi ambata ya ce dajin ƙasar ya kai kimanin hekta miliyan 8 a farkon ƙarni na 20, amma a ƙarshen ƙarnin abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba, galibinsa a gandun daji na gwamnati.

Koko shuka ce ta inuwa. Ƙananan saiwoyin da take ci da su suna shimfiɗe ne a sama-sama, cikin danshin ruɓaɓɓen ganye, kuma a cikin wannan danshi ne wasu ƙananan ƙudaje, waɗanda ido ke gani da ƙyar, suke hayayyafa, su ne masu yi wa furenta barbara. Idan an sare manyan itatuwan da ke rufe gona, amfani yakan ƙaru na ɗan lokaci matuƙar ana zuba taki, amma bishiyoyin suna saurin tsufa, iskar hunturu tana busar da ganye da fure, ƙwari kuma suna ƙaruwa. Hukumar koko ta ƙasa, COCOBOD, ta sami fiye da tan miliyan 1 a kakar 2020/2021, amma a kakar 2023/2024 abin da aka samu kusan rabin wannan ne. Ba lalacewar muhalli kaɗai ta jawo faɗuwar ba, domin akwai cutar kumburin reshe da tsufan bishiyoyi da rikicewar damina da fasa-ƙwaurin koko zuwa ƙasashe maƙwabta, sai dai gonar da ƙasarta ta gaji ta fi kowace kasa jure cuta da fari.

Haƙar zinare ta galamse

Babu abin da ya kai galamse, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, saurin hallaka gona a kudancin Gana. Tonon zinare da hannu tsohuwar sana'a ce a ƙasar Asante, kuma dokar 1989 ta halatta ƙaramar haƙa ga 'yan ƙasa masu lasisi. Abin da ya sauya lamarin shi ne shigowar manyan motocin tono da injinan da ake kira canfan, masu niƙa dutse da tsotso yashi daga cikin kogi, tun daga shekarun 2000, tare da 'yan ƙasar Sin waɗanda aka kori dubbansu a 2013. Aikin da a da zai ɗauki ƙauye guda watanni, yanzu mota ɗaya tana gama shi cikin kwanaki.

Ɓarnar tana tafiya mataki-mataki. Ana tumɓuke bishiyoyin koko, a kankare ɓawon ƙasa a cakuɗa shi da laka da tsakuwar da aka tono daga ƙasa, sannan a wanke tarin da ruwa mai ƙarfi, lakar ta gangara rafi. Ana zuba zaiba don ta kama ƙurar zinare, a ƙona curin a wuta, hayaƙin ya tashi, ragowar ta shiga ruwa da ƙasa, daga nan ta shiga kifi. Idan an gama, abin da ake bari ramuka ne cike da ruwa mai launin ƙasa ko kore, tsakaninsu tudun tsakuwa wanda ko ciyawa takan daɗe ba ta fito a kai ba. Wanda ya bi hanyoyin Amansie ko ya nufi Dunkwa a bakin kogin Offin zai ga irin wannan fili yana iyaka da gonar da ke da rai, bishiyoyin bakin ramin sun yi rawaya saboda an yanke saiwarsu ko ruwa ya kwanta musu. Wato ɓarnar ba ta tsaya ga wanda ya sayar da gonarsa ba, domin maƙwabcinsa ma ruwa zai shiga gonarsa, hanyarsa ta yanke, kuma sau da yawa wannan ne ke tilasta masa shi ma ya sayar.

Kogunan Pra da Offin da Birim da Ankobra duk sun koma ruwan laka a dogayen sassansu. A 2024 kamfanin ruwa na ƙasa ya sanar da cewa duhun ruwan Pra a matatar Sekyere Hemang ya ninka abin da aka gina matatar ta tace har sau bakwai. Ga manomi, irin wannan ruwa yana toshe bakin injin feshi, ba ya yin ban-ruwan reno, dabba ma ba ta sha lafiya. Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba, ta 'yan ƙwadago. Gonakin koko da yawa 'yan arewa ne ke kula da su bisa tsarin abusa, inda mai aiki ke ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na amfani, kuma idan mai gona ya karɓi kuɗin masu haƙa, wannan ma'aikaci yakan tashi hannu rabbana, ko ya shiga ramin shi ma, ko ya gangaro birni neman dako. Matasan da suka saba samun kuɗin zinare ba sa dawowa riƙe adda, don haka kuɗin ƙwadago ya hau ga manoman da suka rage.

Gwamnati ta dakatar da ƙaramar haƙa a 2017, ta tura sojoji da 'yan sanda ƙarƙashin Operation Vanguard, ta janye dakatarwar a ƙarshen 2018, ta sake tura sojoji a 2021. A shekarar 2017 ɗin ce kuma Gana ta amince da yarjejeniyar Minamata kan rage amfani da zaiba. Duk da haka aikin bai tsaya ba, musamman da farashin zinare ke hawa, kuma zanga-zangar da aka yi a Akara a 2024 ta nuna yadda mutanen birni ma suka fara jin abin a jikinsu.

Filayen arewa

A arewa damina ɗaya ce, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kuma lalacewar a hankali take zuwa. A yankin Bawku da Bolgatanga, inda jama'a suka yi yawa, ana noma gona ɗaya kowace shekara, ana kwashe kara don girki da shinge da abincin dabbobi, saboda haka ba abin da ke komawa cikin ƙasa. Gobarar daji ta rani, wadda mafarauta da makiyaya da masu sharar gona ke tayarwa, tana cinye ciyawar da za ta rufe ƙasa, sai ruwan farko ya sauka a kan busasshen fili ya kwashe toka da turɓaya. Dattawa har yanzu suna tuna 1983, shekarar da fari da gobara suka haɗu suka cinye gonaki har cikin dajin kudu, aka yi yunwa, kuma wannan masifa na cikin abin da ya kai ga dokar hana ƙunar daji ta 1990. Manomi yana gane gajiyar gonarsa da ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da ke manne wa saiwar dawa da gero da masara tana tsotsarta, domin ta fi yawaita a ƙasar da ta talauce.

Kumasi na da hannu a wannan ɓarna. Gawayin da ake girki da shi a gidaje da wajen masu tuwo da waake yana zuwa ne a manyan motoci daga wajen Kintampo da arewacinta, kuma cikin itatuwan da ake ƙonawa har da kaɗanya, wadda mata ke dogaro da man da ake samu daga 'ya'yanta. An kuma yi shekaru ana sare madobiya ana fitar da ita ƙetare. Noman da ake yi har bakin kogi yana cika kogin Farar Volta da yashi, wanda ke ƙara tsananta ambaliya a shekarun da aka saki ruwan madatsar Bagre ta Burkina Faso.

Lambunan cikin birni da kasuwa

Latas da kabeji da ganyen albasa da ake ci a Kumasi yawanci a cikin birnin ake noma su, a fadamun Gyinyase da kewayen jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST), ana bayi da butar hannu, ana zuba kashin kaji. Waɗannan lambuna suna tsakanin matsi biyu. Gine-gine suna cinye fadamu, masu ɗibar yashi suna kankare gonakin gefen gari, rafuka irin su Subin da Aboabo da Wiwi kuma sun zama magudanar shara da ƙazantar gidaje. Mai lambun da ba shi da tabbacin zai kai baɗi a wurin ba zai kashe kuɗi ya haƙa rijiya ba, sai ya ɗebi ruwan da ya samu, ƙwayoyin cuta su bi ganyen har zuwa faranti. A kasuwa, raguwar amfani tana bayyana a farashi da kuma nisan da kaya ke fitowa. Tumatirin Akumadan ba ya wadatar da birni, sai an shigo da na Burkina Faso a rani, albasa kuma galibi daga Nijar take zuwa. Tsadar mai da faɗuwar da sidi, kuɗin Gana, ya yi a shekarun baya suna da nasu rabo a wannan, amma ƙasa da ruwan da suka lalace suna cikin tushen abin.

Hanyoyin gyara

Gajiyar ƙasa tana da magani sananne kuma mai sauƙin kuɗi: haɗa takin gargajiya da na zamani, juya hatsi da wake ko gyaɗa ko waken suya, barin kara a gona, jera duwatsu a gicciye don tare ruwa, da barin gawo da ɗorawa da kaɗanya a tsakiyar shuka. Dabarar renon tohon kututture, wadda ta samo asali a yankin Maraɗi a shekarun 1980 kuma manoman can ke kira sassaben zamani, ta shigo gundumar Talensi ta kuma dawo da itatuwa a filayen da suka zama fako. A gonakin koko ana ƙarfafa dasa itatuwan inuwa, ko da yake manoma da yawa suna ɗari-ɗari, domin a dokar Gana itacen katako da ya fito da kansa yana ƙarƙashin ikon gwamnati, kuma idan aka ba ɗan kwangila izinin sarewa, faɗuwarsa takan karya koko.

Filin galamse ya fi wuyar gyara nesa ba kusa ba. Sai an cike ramuka da mota, an baje ƙasa, an shuka tsire-tsire masu saurin rufe fili da zubar da ganye na shekaru, sannan a auna ko zaiba da sauran guba sun ragu kafin a yarda a shuka abinci. Kuɗin wannan aiki yakan fi abin da aka biya mai gonar tun farko, masu haƙar sun riga sun tashi, kuma filayen da aka gyara zuwa yanzu kaɗan ne idan aka kwatanta da waɗanda ake tonewa a kowace shekara.