Juriyar Iyaye Mata Ma'aikata a Tailan

Juriyar iyaye mata ma'aikata a Tailan ita ce yadda matan da ke haɗa aiki da reno suke riƙe gida idan al'amura sun juye farat ɗaya. Masaniyar sadarwa Patrice Buzzanell, wadda ta gabatar da ra'ayinta a 2010, tana ganin ba a haihuwar mutum da juriya. A wajenta, cikin zance da mu'amala ake gina ta.

Annobar korona ta gwada hakan. A Janairun 2020 Tailan ta zama ƙasa ta farko bayan Sin da aka tabbatar da cutar. An kafa dokar ta-ɓaci ranar 26 ga Maris, aka ɗage komawa makaranta daga Mayu zuwa 1 ga Yuli. Masu yawon buɗe ido, da suka kusa miliyan 40 a 2019, ba su kai miliyan 7 ba a 2020, mata da yawa a otal-otal da gidajen abinci suka wayi gari babu aiki.

Kaka ce jigo a nan. Matan yankin Isan, a arewa maso gabashin ƙasar, da ke aiki a babban birni Bankok sun daɗe suna barin 'ya'ya a ƙauye wurin iyayensu, suna aiko da kuɗi. Da aka taƙaita tafiye-tafiye, sai renon ya dogara ga waya. Uwa ta tashi aiki da dare, ta kira ta manhajar LINE, yaro ya ɗaga mata littafinsa ta duba aikin gida, kaka na gefe tana lissafa abin da ya ƙare. A manhajar dai ake jin saƙon malamai, wasu ma suka fara tallan abinci a kanta. A unguwanni kuma aka kafa kabad ɗin taimako, "tu pan suk": mai hali ya ajiye shinkafa ko ƙwai, mabuƙaci ya ɗauka ba sai ya roƙa ba.

Wannan gudun roƙon yana da tushe. Akwai ɗabi'ar "kreng jai", mai kama da kara, wato kada ka ɗora wa wani nauyinka. Tana kiyaye zaman lafiya, amma takan hana mace gaya wa shugabanta ko mijinta cewa ta gaji. Sai ta ce "mai pen rai", ba komai, ta kai kukanta ga ƙawaye ko ga mahaifiyarta.