Gabon: siyasa, tattalin arziki da zamantakewa

Gabon ƙasa ce a Afirka ta Tsakiya, a gaɓar Tekun Atlantika. Tana iyaka da Kamaru da Ekwatoriyal Gini ta arewa, da Jamhuriyar Kongo ta gabas da kudu. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 267,000, amma jama'arta wajen miliyan biyu da rabi ne kawai, kuma mafi yawansu a birane suke, musamman Libreville babban birni da Port-Gentil cibiyar man fetur. Kurmi ya rufe fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙasar.

Ta samu 'yancin kai daga Faransa ranar 17 ga Agusta, 1960, Léon M'ba ne shugabanta na farko. Sojoji sun kifar da shi a 1964, sai dakarun Faransa suka mayar da shi kan kujera cikin 'yan kwanaki. Da ya rasu a 1967, mataimakinsa Albert-Bernard Bongo ya gaje shi. Shi ne ya musulunta a 1973 ya koma Omar Bongo. Ya kafa jam'iyyar PDG a 1968, ita kaɗai doka ta yarda da ita har 1990. Salon mulkinsa sananne ne: ɗan adawa in ya cika surutu, sau da yawa muƙami ake ba shi, kuɗin mai kuwa ya isa a yi hakan. Ya rasu a 2009 bayan shekara 41 yana mulki, ɗansa Ali Bongo ya ɗora.

Zaɓen 2016 ya bar baya da ƙura. Ali ya kayar da ɗan takarar adawa Jean Ping da ƙuri'u ƙasa da dubu shida, bayan an sanar cewa kashi 99 da ɗoriya na masu zaɓe sun fito a lardin Haut-Ogooué, mahaifar gidan Bongo. An ƙona majalisar dokoki a tarzomar da ta biyo baya. Ranar 30 ga Agusta, 2023, jim kaɗan bayan an ce Ali ya sake lashe zaɓe, sojoji suka karɓe mulki ƙarƙashin Janar Brice Oligui Nguema, kwamandan rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa. Shi ne ya ci zaɓen Afrilun 2025 da fiye da kashi 90.

Man fetur ne ƙashin bayan tattalin arziki. Haƙarsa ta kai ƙololuwa a 1997, wajen ganga 370,000 a rana, yanzu tana kusa da 200,000. Akwai ma'adinin manganis a Moanda, wanda jirgin ƙasa ke kai wa tashar ruwa ta Owendo, sai katakon okoumé. Tun 2010 aka hana fitar da gungumen da ba a sarrafa ba, domin a samar da aiki a cikin gida. A lissafi, rabon kowane ɗan ƙasa yana cikin mafi girma a Afirka, amma kusan mutum ɗaya cikin uku talaka ne. Noma ya yi rauni ƙwarai, har yawancin abinci daga waje ake shigo da shi, ciki har da kayan gona na Kamaru.

Faransanci ne harshen hukuma, duk da cewa ƙasar ta shiga ƙungiyar Kwamanwel a 2022. Ƙabilar Fang ce mafi yawa, sai Punu da Nzebi da Myene da sauransu. Kiristoci ne suka fi rinjaye, amma addinin gargajiya na Bwiti, wanda ake amfani da saiwar wani tsiro mai suna iboga a bukukuwansa, yana nan da ƙarfinsa. Musulmi tsiraru ne, galibi 'yan kasuwa daga Afirka ta Yamma, da kuma Hausawan da kakanninsu suka zo fatauci ta Kamaru suka zauna a garuruwan arewa irin su Oyem da Bitam.