Wound, injure da damage ba abu ɗaya ba ne

Da yawanmu mun taso da tunanin cewa kalmomin Turancin nan wound, injure, hurt da damage duk "rauni" suke nufi, wadda ka ɗauka ta yi. Haka muka haddace su tun muna yara.

Masu harshen kuwa suna bambanta su. Wound galibi raunin makami ne, wuƙa ko harsashi, wanda ya keta fata. Wanda ya karye a hatsarin mota ko a filin ƙwallo, injured ake ce masa. Hurt ta fi faɗi, tana ɗaukar har maganar da ta sosa rai. Damage yawanci ta kaya ce, kamar mota ko amfanin gona.

In ka yi shakka, buɗe ƙamus ka karanta jimlolin misali, kada ka tsaya a ma'ana kaɗai.

Don Allah a tura wa ɗalibai.