Shayin boba: abin da matafiyi ya kamata ya sani kafin ya karɓi kofin farko

Wane irin shayi ne wannan da sai an haɗa da tauna?

Shayi ne da madara, yawanci mai sanyi, a gindin kofin kuma akwai wasu baƙaƙen dunƙule masu danƙo, girmansu bai wuce ƙwayar gujiya ba. Da sitacin rogo ake yin su, a dafa, a jiƙa a ruwan jan sukari. Don haka ɗan Najeriya, ƙasar da ta fi kowace noman rogo a duniya, ba baƙon abu zai tauna ba. Ana liƙe bakin kofin da leda, a haɗo maka da bututu mai faɗin baki. Ka soke ledar da ƙarfi sau ɗaya. In ka tsaya lallaɓawa, shayin a rigarka zai ƙare.

Daga ina ya samo asali?

Daga Taiwan, a shekarun 1980. Gidajen shayi biyu ne kowanne ke cewa shi ya fara: Chun Shui Tang a birnin Taichung da Hanlin a Tainan. Sun daɗe suna shari'a, har a 2019 kotu ta ce ba na kowa ba ne, duk mai so ya yi. Yau 'yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou za su gan shi kusan a kowane layi, haka ma a Dubai da Landan.

Yaya ake yin oda?

Nan ne baƙo ya fi rikicewa, domin mai shago zai tambaye ka abu biyu da sauri: yawan sukari da yawan ƙanƙara. Sukarin mataki-mataki ne, daga cikakke zuwa kashi 70, 50, 30, har babu. In ka yi shiru, galibi cikakke za a zuba maka, ga su dunƙulen da nasu zaƙin tun daga tukunya. Shawarata ita ce ka ce da Sinanci "ban tang", wato rabin sukari, ko "wei tang", ɗan kaɗan. A nan ne za ka ji ɗanɗanon ganyen, kuma asara ce mutum ya je Taiwan, ƙasar da ta yi suna da ganyen shayin da ake kira ulon, ya dawo bai ji komai ba sai zaƙi. Ƙanƙara kuwa, "shao bing" a rage, "qu bing" a cire. Mai ciwon sukari ya tuna cewa ko ya ce babu sukari, dunƙulen sitaci ne da aka jiƙa a ruwan sukari.

Ya halatta ga Musulmi?

Shayi, madara, sukari da rogo ba su da matsala. Inda ake lura shi ne kayan ƙari, musamman fudin (wani kayan zaƙi mai laushi) da wasu nau'in jeli, domin akan daskarar da su da jelatin, wani sinadari da ake samu daga jikin dabba. Ka tambaya, ko ka tsaya kan dunƙulen rogo kawai. A Malesiya da Indunusiya shaguna da yawa suna liƙa shaidar halal a fili.

Zan iya ajiye shi zuwa dare?

A'a. Cikin 'yan awoyi dunƙulen sukan taurare, firji kuma ƙara musu tauri yake. A sha shi nan take, ana juyawa da bututun don kada shayi ya ƙare ya bar su jibge a ƙasa.

Akwai abin kiyayewa?

Kada a ba ƙaramin yaro, domin dunƙulen na iya shaƙe shi. Babba ma ya zuƙa a hankali, ya tauna kafin ya haɗiye. Sannan a jirgin ƙasa na cikin birnin Taipei, babban birnin Taiwan, an hana ci da sha daga layin ruwan ɗorawa da ke gaban mashiga, kuma tara tana farawa daga dalar Taiwan 1,500. Ka shanye kofinka a waje, ko ka bar shi a liƙe cikin jaka har ka fito.